Rabin Jirgin da Na Gani a Portsmouth

Da ɗan ƙanwata ya ce zai kai ni in ga jirgin ruwa, dariya na yi masa. Ni da aka haifa a Yauri, na tashi ina kallon jirage suna lodin albasa da shinkafa a bakin Kwara, wane jirgi ne kuma za a nuna mini? Ya ce, "Kawu, wannan ai rabi ne." Na ce to, abin ya ƙara lalacewa ke nan, rabin jirgi har sai an sayi tikiti kafin a gan shi? Ya ce in dai yi haƙuri mu je, gani ya kori ji.

Karatu yake yi a Portsmouth, ni kuma aiki ya kai ni Landan, kwana biyu suka rage mini kafin in koma gida. Na hau jirgin ƙasa a tashar Waterloo da hantsi, ba mu cika awa biyu ba muka isa. Tashar ƙarshe a kan ruwa aka kafa ta, kana saukowa iskar teku mai gishiri za ta mare ka a fuska. Ga wani ƙaton baƙin jirgin yaƙi na ƙarfe a ɗaure, Warrior, na shekarar 1860. Muka shiga ƙofar tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen, muka wuce Victory, jirgin da Nelson, kwamandan ruwan Birtaniya, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar a 1805. Nan mutane suka fi tsayawa ɗaukar hoto. Yaron bai bar ni na tsaya ba. Ya ja ni zuwa wani baƙin gini da ke gefensa, mai kama da ƙwaryar da aka kife.

Ciki duhu ne da sanyi. Sai da idona ya saba tukuna na gane abin da ke gabana ta cikin gilashi: bangon katako mai tsawon bene hawa uku, ya yi duhu kamar itacen da ya sha hayaƙi, a tsage daga sama har ƙasa. Ka taɓa ganin gidan da ruwan sama ya zubar da bangonsa ɗaya, ɗakunan suka fito fili, kana iya ganin inda gado yake da inda murhu yake? To haka. Wannan shi ne Mary Rose, jirgin yaƙin Sarki Henry na 8.

Henry ya hau gadon sarautar Ingila a 1509 yana saurayi, bai cika shekara 18 ba. Jiragen yaƙin da ya gada daga mahaifinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Sarakunan da suka gabace shi in yaƙi ya taso jiragen 'yan kasuwa suke tattarawa, su zuba musu sojoji, in an gama kowa ya kama gabansa. Shi kuwa so yake ya ga rundunar ruwa tasa ta kansa, wadda ke nan ko da yaƙi ko babu. Cikin jiragen farko da ya sa a ƙera akwai guda biyu a nan Portsmouth, Mary Rose da Peter Pomegranate. An fara aikin a 1510, aka saka Mary Rose a ruwa a 1511. An ƙiyasta itatuwa kusan 600 aka sare dominsa. Na tsaya ina lissafi a raina: lokacin Gidan Rumfa a Kano sabon gini ne, Sarki Muhammadu Rumfa bai daɗe da rasuwa ba.

Wani ma'aikacin wurin, dattijo mai farin gashi, ya nuna mana abin da ya bambanta wannan jirgi da na gabaninsa. A da, Turawan arewa in za su ƙera jirgi, ɗora katako suke yi bisa bakin ɗan'uwansa, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Irin wannan jiki in ka huda shi ka raunana shi. Mary Rose kuwa katakansa baki da baki aka haɗa su a kan haƙarƙarin jirgin, jikin ya fito sumul. Wannan ya sa aka iya yanka tagogi masu murfi a gefensa, aka sauko da manyan igwa ƙasa kusa da ruwa, inda nauyinsu ba zai rinjayi jirgin ba. Kafin nan yaƙin ruwa kokawa ce: a matso, a maƙale jirgin abokan gaba da ƙugiya, a tsallaka da takobi. Da tagogin nan aka fara tsayawa daga nesa ana ruwan harsashi. Na riƙe maganar tagogin nan a raina, don yadda dattijon ya nanata ta na san za mu sake haɗuwa da ita.

Kuma kada a ɗauka jirgin daga fitowarsa ya nutse, kamar yadda na zata. Shekara 34 ya yi yana aiki. A 1512 shi ne ya ɗauki babban kwamandan ruwa, Edward Howard, zuwa yaƙi da Faransawa a kusa da Brest. Wajen 1536 aka yi masa gyara babba, aka ƙara masa ƙarfi da manyan bindigogi, nauyinsa ya tashi daga tan 500 zuwa kamar 700. Da na ji haka sai na kalli yaron, ya kalle ni. Duk wanda ya taso a bakin kogi ya san abin da ke biyo bayan ƙarin lodi a tsohon jirgi.

A 1544 Henry ya ƙwace garin Boulogne daga hannun Faransa. Shekara na zagayowa Faransawa suka taso ramuwa da jirage sama da 200, ƙarƙashin Claude d'Annebault, suka shigo mashigin ruwan Solent da ke tsakanin Portsmouth da tsibirin Wight. Ranar 19 ga Yuli, 1545, da safe iska ta ɗauke cak. Jiragen Ingila da iska suke tafiya, saboda haka suka tsaya kamar an kafe su, su kuwa Faransawa suna da dogayen jirage masu tafiya da tuƙin hannu, suka matso suna harbi. Da rana ta yi iska ta taso, jiragen Ingila suka yunƙura, Mary Rose na cikin na gaba. Wani da ya tsira ya ba jakadan Sarki Charles na 5, mai mulkin Sifen da Jamus, labari, jakadan kuma ya rubuta wa ubangidansa: jirgin ya harba igwan gefe ɗaya, ya juya don ya harba na ɗaya gefen, iska ta buge shi ya karkata, tagogin ƙasa kuwa a buɗe suke ba a rufe ba. Ruwa ya kwararo. Igwa da harsasai da mutane duk suka gangaro gefe ɗaya. Kafin a ce kwabo ya tafi.

Faransawa sun ce su suka nutsar da shi da harbi. Wasu sun ce lodi ne ya yi yawa. An kuma ruwaito cewa kwamandan jirgin, George Carew, wanda bai daɗe da karɓar muƙamin ba, ya ƙwala wa wani ɗan'uwansa da ke wucewa a wani jirgin cewa mutanen da aka ba shi ba sa jin magana. Ni dai a nawa ganin ba dole sai dalili ɗaya ba. A wurinmu ma in jirgi ya kife, za ka ji wannan ya ce kututture aka buga, wancan ya ce iska ce, wani ya ce mai jirgi ne ya cika kwaɗayi, kuma sau da yawa duk ukun gaskiya suka faɗa.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ragar. An shimfiɗa raga mai ƙarfi a saman jirgin, daga wannan gefe zuwa wancan, don kada abokan gaba su diro ciki. Da ruwa ya shigo, mutanen da suka samu suka hauro daga ƙasa sai suka tarar da rufi a kansu. Suna ganin sama, suna ganin gari, ba hanyar fita. Takardar da ta lissafa jiragen sarki ta ba Mary Rose mutum 415: matuƙa 200, sojoji 185, 'yan igwa 30, kuma ana jin ranar sun fi haka. Waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba, galibinsu waɗanda ke can saman dogayen itatuwan da ake ɗaura wa jirgin tufafin kama iska ne. Sarki Henry yana tsaye a ganuwar Southsea yana kallo da idonsa. Ruwan wurin bai kai zurfin mita 15 ba, har kan dogayen itatuwan jirgin ya rage a waje ana hangensa.

Nan na yi shiru na ɗan lokaci. Jirgin da ya tsage a kusa da Warra a watan Mayun 2021 ne ya faɗo mini, wanda ya ɗauko mutane fiye da 100, mata da yara da 'yan kasuwa, aka kwana ana tsamo gawa. Yaron ya lura, ya ce, "Kawu, mu ɗan zauna?" Na ce a'a, mu ci gaba.

Yadda aka tsara gidan ya burge ni. Kana tafiya a wani siririn lungu, jirgin na hannunka ɗaya, a ɗaya hannun kuma an jera kayan da aka tsamo, kowanne daidai saitin inda aka same shi a cikin jirgin. Wato an mayar wa rabin da ya ɓace kayansa. Dalilin da ya sa rabi ne kuwa, da jirgin ya kai ƙasa kan gefensa na dama ya kwanta, laka ta binne wannan gefen, iska ba ta shiga, tsutsar katako ba ta kai gare shi. Gefen hagu da ya rage a fili ruwa da ƙwari suka cinye. Lakar nan ta adana abubuwa wajen 19,000.

Igwan tagulla masu tambarin sarki suna nan, manya, an yi musu ado da kan zaki. Na duba su na wuce. Inda na daɗe shi ne wurin ƙananan kaya. Takalman fata, wasu sun cinye ta dunduniya yadda nawa ke cinyewa. Matsefan katako fiye da 80, masu ƙananan haƙora, na tsefe ƙwarƙwata. Akushi da cokula na itace, wasu mai su ya yi musu 'yar alama da wuƙa don kada a ɗauke masa, alamar wanda bai iya rubuta sunansa ba. Ƙwayoyin masoro. Carbi irin na Kiristocin wancan zamani, wanda in ka ajiye shi kusa da namu sai an duba da kyau. Har da wani abin busa, ɗan'uwan algaita, da abin goge mai tsirkiya.

Akwai ɗakin wanzamin jirgi. Wanzami na ce, domin aikinsu ɗaya da namu na gargajiya: shi ne mai aski, shi ne mai tsaga, shi ne mai cire haƙori da ɗaurin karaya. An sami akwatinsa da kwalaben magani na itace da asake da wani sirinji na ƙarfe wanda da yaron ya karanta mini inda ake zura shi sai da na ce a'uzubillahi. Kusa da shi ɗakin kafinta, da gizago da guduma da ma'auni, da allon wani wasa mai kama da dara. A bakin ƙofar ɗakin kafintan aka sami ƙasusuwan wani ɗan kare, mai kama ɓeraye. Masu tonon suka sa masa suna Hatch. An haɗa ƙasusuwansa an tsayar a cikin gilashi, kuma na lura yaran Turawa sun fi taruwa a kansa fiye da kan kowace igwa.

Can ƙasan jirgin madafa take, murhu biyu na bulo da manyan tukwanen tagulla, ga itacen girki da aka faskara ba a kai ga sa shi a wuta ba. An sami ganguna da ƙasusuwan shanu da na alade da na kifi. Daga murhu biyun nan ake ciyar da mutum 400 da ɗoriya.

Sai bakuna. Nan ne maharbin da ke cikin jinina ya motsa, don kakana na wajen uwa da kwari da baka aka san shi. Bakan Ingilishi ya fi mutum tsawo, daga itace guda ake sassaƙa shi, kuma kafin a tono wannan jirgi kusan babu ko ɗaya na wancan zamani da ya rage. A nan an sami sama da 130 lafiyayyu, wasu a cikin akwatunansu, da kibau fiye da 3,500. An ajiye wani na kwaikwayo don baƙi su gwada ja. Na ja, bai ko kai rabi ba kafaɗata ta ce ba da ita ba. Yaron ya yi ta dariya. Ashe su ma masu shi ba a banza suka bar shi ba: a ƙasusuwan wasu daga cikinsu an ga ƙashin kafaɗa bai haɗe ba, saboda tun suna yara suke jan baka mai nauyi.

Maganar ƙasusuwa ita ce inda raina bai kwanta ba. An tsamo ragowar mutum 179, an iya haɗa kusan cikakken jikin 92. Yawancinsu samari ne da ba su kai 30 ba, har da yara. Wasu ƙoƙunan kai suna nan a gilashi, kusa da zanen yadda ake jin fuskar mai shi take. Na san ilimin da aka samu daga gare su ba kaɗan ba ne. Amma ni an rene ni a kan cewa haƙƙin mamaci a suturta shi a rufe, ko wane ne shi. Na faɗa wa yaron, ya ce ai an binne ɗaya daga cikinsu a babban cocin garin a 1984, a madadin sauran. Na ce ɗaya cikin 179. Bai ce komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Daga haƙoran nan ne kuma aka gano abin da ban zata ba. Ruwan da mutum ya sha yana yaro da abincin da ya ci suna barin shaida a haƙorinsa. Da masana suka auna na mutum 8, sai ga shi ba duka ne 'yan Ingila ba. Kafintan ana jin daga wajen Sifen ya fito. Wani maharbi alamu sun nuna ƙasa mai zafi, wataƙila Arewacin Afirka. Wani matashi kuma a Ingila ya girma amma asalin iyayensa Afirka ne.

Ba shi kaɗai ne ɗan Afirka a labarin ba. Bayan jirgin ya nutse an ɗauko 'yan Venice ta Italiya su ɗago shi, suka ɗaura igiyoyi, abin ya faskara. Sai aka koma tsamo igwa ɗaya bayan ɗaya, don kowace igwa dukiya ce. Wani Ba'italiye, Piero Paolo Corsi, ya karɓi aikin, kuma babban mai nutsonsa wani saurayi ne daga gaɓar Yammacin Afirka, wanda takardu suka kira Jacques Francis. Turawan wancan lokaci kaɗan ne cikinsu suka iya iyo, balle nutso. Shi kuwa da numfashinsa kawai yake sauka cikin wannan ruwa mai sanyin ƙanƙara da duhun laka. Da aka kai ubangidansa ƙara kan zargin satar kaya daga wani jirgin daban, Francis ya tsaya gaban kotun harkokin ruwa a 1548 ya ba da shaida ta bakin tafinta. 'Yan kasuwan da suka kai ƙarar suka ce bawa ne, baƙi ne, ba Kirista ba ne, kada a saurare shi. Kotu ta rubuta shaidarsa. Yana cikin 'yan Afirka na farko da aka san sun yi magana a kotun Ingila. Ina jin labarin Sarkawanmu nake tunawa, waɗanda in abu ya faɗa Kwara su ake kira, su nutsa har ka fara salati kafin su ɓullo. Sunan da uwarsa ta raɗa masa kuwa bai shiga takarda ba.

Daga nan aka manta da jirgin kusan shekara 300. A 1836 tarun wasu masunta ya maƙale a ƙasa, aka kira masu nutso, John Deane na cikinsu, suka fito da 'yan igwa, aka sake mantawa. Sai 1965 wani marubuci mai son nutso, Alexander McKee, ya tashi nemansa haiƙan, mutane na ganin ɓata lokaci yake yi. A 1971 aka ga katakon farko. Margaret Rule, masaniyar tono kayan tarihi, ce ta jagoranci tonon, da masu nutso 'yan sa-kai fiye da 500, har Yarima Charles, sarkin Ingila na yanzu, ya sauka ya gani. Ranar 11 ga Oktoba, 1982, aka ɗago shi a cikin wani keji na ƙarfe, mutane kusan miliyan 60 suna kallo a talabijin. Ana nuna hoton a wurin. Akwai inda wani ƙarfe ya karye, kejin na sama ya rufto da ƙara, na ji gabana ya faɗi duk da na san jirgin na bayana lafiya lau.

Fito da shi ma somin-taɓi ne. Katakon da ya sha ruwa shekara 437 in ka bar shi ya bushe haka kawai, tsukewa zai yi ya farfashe. Shekara 12 ana fesa masa ruwan sanyi dare da rana. Daga 1994 aka koma fesa wani sinadari mai kama da kakin zuma, wanda ke shiga cikin katakon ya maye gurbin ruwan, har 2013 da aka kashe famfunan aka buɗe wannan gini. Sannan aka shiga busar da shi a hankali. Wanda aka haifa ranar da aka ɗago jirgin ya yi aure ya haihu kafin a gama. A hawa na sama akwai ƙofa biyu, sai ta bayanka ta rufe ta gabanka ke buɗewa, kana shiga babu gilashi tsakaninka da shi. Wani ɗan ƙamshi yake yi, na tsohon itace.

Mun fito la'asar ta yi. Muka sami wani lungu muka yi salla, muka ci soyayyen kifi da dankali a tsaye, tsuntsayen teku na shawagi a kanmu kamar shirwa a mahauta. Na ce wa yaron kafin in hau jirgin ƙasa sai ya kai ni inda sarkin ya tsaya. Ya ce da ɗan nisa. Na ce mu je.

Ganuwar Southsea ba ta da wani girma, gajeren gini ne na dutse mai kauri wanda Henry ya sa aka gina a 1544, shekara ɗaya kafin abin ya faru. Muka hau sama. Tsibirin Wight na can tsallake, jiragen fito na kai da kawowa. Yaron ya miƙa hannu ya nuna mini wajen da jirgin ya nutse. Na daɗe ina auna tazarar da ido, irin aunawar da muke yi tun muna yara kafin mu faɗa ruwa. Na ce masa, "Wannan ai ko ni a shekaruna na ƙuruciya zan iya kai gaɓa." Ya ce, "In babu ragar, Kawu." Iska ta fara kaɗawa da ƙarfi, na ja zif ɗin rigata har wuya, muka sauko neman motar da za ta mai da mu tasha.